Ƙafar Raƙumi ta Huɗu

Ranar da mayaƙa suka sauko daga duwatsun Abzin suka kewaye sansanin Nasara da ke arewa da Agadas, Balki tana tsakar gida tana kaɗi. Harbin farko ta ɗauka katangar makwabta ce ta rushe. Na biyu ya sa ta ajiye mazari. Kafin na uku sai ga wata mace ta faɗo zaurensu da gudu, ta ratsa ta tsakanin sirada da fatun mijinta Alkasum, ta zube a bakin ƙofar cikin gida, hannunta na dama naɗe da gefen zane, jini na ɗiga.

Balki ta san ta. Mariya ce, matar wani sarsan, wato saja, daga cikin baƙaƙen sojojin da Nasara suka zo da su daga yamma, can bakin teku. Shekara biyu ke nan tana zuwa sayen zare wurin Balki, tana ciniki da guntuwar Hausar da ta tsinta a Damagaram. Ran nan ma zaren ne ya shigo da ita gari, ta bar ɗanta Abdu mai shekara uku a sansani. Tana hanyar komawa mahaya suka datse ta, wani ya kawo mata sara da takobi yana wucewa, ta tare da hannu.

Alkasum ya biyo ta ciki da basilla a hannu, ya tsaya yana kallonta.

"Balki, in aka same ta a gidan nan, ba ita kaɗai za a yanka ba."

"Na sani, maigida. Kama hannunta ka fid da ita waje. Ni dai ba ni iyawa."

Daga nan ya koma ya turo ƙyauren zaure, ya zo ya kwashe fatun da ke ɗakin baya zuwa gefe guda, ya shimfiɗa tabarma a bayansu.

Sun zaci abin kwana uku ne ko huɗu. Sai ya zama makonni. Mayaƙan suka kafa igwa suna dukan katangar sansani safe da yamma, na ciki suna ramawa. Babu shiga, babu fita. Kuma tun da Alkasum baduku ne da aka sani da gyaran sirdin raƙumi, zaurensa bai ƙara zama babu baƙo ba. Kullum akwai mai rawani zaune da bindiga a cinya yana jiran a ɗinke masa wani abu. Tsakaninsu da Mariya bango ɗaya ne da tsakar gida mai taku goma sha biyu. 'Yarsu Binta, mai shekara biyar, aka ce mata gwaggonta ce daga Dabaga take jinya a ɗakin, ciwon kuma na ɗauka ne, kuma ba a faɗa wa kowa.

Raunin ya kama warkewa, amma yatsu biyu sun sandare, ba su lanƙwasuwa. Wannan bai dami Mariya ba kamar igwa. Duk sanda ta tashi sai ta miƙe zumbur ta nufi ƙofa. A rana ta tara Balki ta fito daga madafa ta same ta ta kai tsakiyar gida, lulluɓe a kai, ta doshi zaure inda mutum uku ke zaune. Ta cafke ta ta baya, ta toshe mata baki, suka koma ɗakin suna kokawa ba wadda ta yi ƙara.

"Abdu," in ji Mariya, da ta samu numfashi. "Ba ya barci sai da ni."

"In kin fita ta ƙofar nan ba ki kai rijiyar unguwa. Ni ma ina da 'ya."

Mariya ta zauna. Can ta jawo 'yar jakar da ta shigo da ita, ta zazzage. Akwai ƙullin farin zare mai santsi irin na Nasara, saura kaɗan ya ƙare. Akwai wani siririn ƙarfe kamar basilla, sai dai bakinsa ƙugiya ce. Akwai kuma wani ɗan abu saƙaƙƙe da bai kai dunƙulen hannu ba. Balki ta juya shi, ta ga kan raƙumi ne da wuyansa, har da leɓe da 'yan kunnuwa.

"Na Abdu ne. Na ce masa kafin sanyi ya wuce." Ta ɗauki ƙarfen da hannun da ya ji ciwo, ya suɓuce ya faɗi. Ta sake ɗauka, ya sake faɗi.

Balki ba ta taɓa sha'awar wannan saƙa ba. Amma ta lura tun da abin nan ya fito daga jaka an harba igwa sau ɗaya, Mariya kuwa ba ta tashi ba.

"Koya mini," ta ce. "Ke ki zama ido, ni in zama hannu."

Mariya ta ce sunan ƙarfen koroshe. Harshen Balki ya mai da shi kwarashi, haka kuma ya zauna.

Balki mace ce da ake misali da zarenta a unguwar. Tun tana 'yar shekara bakwai take kaɗi, ba ta tuna ranar da hannunta ya ƙi mata wani aiki ba. Kwarashi ya ƙi ta. In ta riƙe ƙarfen daidai sai zaren ya kufce daga yatsan hagu. In ta ɗaure zaren sai idon saƙar ya matse, ƙugiya ta ƙi shiga. Ta riƙa dannawa da ƙarfi har ƙarfen ya yi mata kanta a yatsa. Mariya kuwa, wadda ake ɓoye da ita ana ci da ita, ta zama malama marar sassauci. Takan karɓi aikin rabin yini, ta kai shi wajen hasken da ke shigowa ta 'yar taga, ta ƙirga, ta miƙo.

"Warware."

"Duka?"

"Nan ido sha takwas. Ya kamata ashirin da huɗu. Ciki zai karkace."

"Raƙumin wasa ne, ba Bilma za shi ɗaukar gishiri ba."

"Warware, yaya."

Duk cikin raɗa suke yi, har faɗan. Sau biyu Balki ta jefar da ƙarfen ta fita, ta tsaya a madafa tana huci, tana jin muryoyin maza a zaure, sannan ta dawo ta ɗauka. Ƙirgar ce ta fi ba ta wuya. Sai ta kai sha biyar igwa ta tashi, ƙasa ta zubo daga azara, lissafi ya ɓace. Ta koyi ɗaura ɗan jan zare a farkon kowane zagaye. Ta koyi sakin kafaɗa. Da zaren Nasara ya ƙare suka ci gaba da nata, wanda ya fi kauri kuma bai kai shi fari ba, sai ga kai da wuya sumul, jiki kuwa gargaje kamar na wata dabba dabam.

A mako na biyar jikin ya haɗu, da tozo ɗaya da ya ɗan zame gefe. Alkasum ya ba su audugar rimi daga wadda yake cusa wa matashin sirdi. Suka cusa, suka ɗinke. Ranar ce Balki ta fara jin dariyar Mariya, gajeriya, cikin tafin hannu.

Abu ɗaya ya gagari Balki, shi ne farawa. Kowace ƙafa daga ɗan zobe take tashi, a naɗe zare a yatsa, a saƙa ido shida a cikinsa, a ja ya rufe. Duk sanda ta gwada sai zoben ya warware ko ya ƙulle. Don haka Mariya ke fara mata, ta matse ƙarfen tsakanin gwiwoyi, ta yi da hagu da haƙori, sannan ta miƙa mata. Haka aka yi ƙafa uku, aka ɗinka su, ɗaya ta fi sauran tsawo.

Wata ranar Laraba da hantsi Balki ta fito da raƙumin tsakar gida don ta ga ɗinkin a haske. Tukunya ta tafaso, ta ajiye shi kan tabarma ta ruga. Da ta juyo babu shi, babu Binta.

Daga zaure ta ji muryar yarinyar tana cewa, "Baba, dubi, ƙafarsa uku."

Balki ta tsaya da muciya a hannu. Ta ji hirar zauren ta yanke. Sai wata murya da ta sani ta ce, "Kawo in gani, 'yan mata."

Lukumanu ne. Ɗan unguwarsu ne, gidansu na bayan masallaci. Kafin yaƙi shi ke kai itace sansani a kan jakai, shekara uku. Ranar da aka kewaye sansanin ya wayi gari da rawani da bindiga, tun daga nan kuma babu wanda ya kai shi zafi wajen neman mutanen Nasara. Shi ya nuna wa mayaƙa gidan tafintan Nasara.

"Alkasum, wa ya yi wannan?"

"Mai ɗakina."

"Matan Agadas ba su wannan saƙa. Wuri ɗaya na taɓa ganinta. Akwai matar sarsan guda da aka ce ba ta koma ba ran nan, an ga jini a hanyar kasuwa, ba a ga gawa ba." Ya dubi Alkasum. "Kira uwar Binta."

Balki ta ajiye muciya. Ta leƙa ɗakin baya. Mariya na tsaye manne da bango, ta ji komai. Balki ta ɗauki kwarashin da ƙullin zare, ta ja lulluɓi, ta fita.

Mutum biyu ne a zauren ban da mijinta. Lukumanu na tsugune da raƙumin a hannu. A kan buzu kuma wani dattijo Ba'abzine ne, mai sirdin da ake gyara, idanunsa kaɗai ake gani tsakanin rawani da amawali. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe su. Binta ta zo ta raɓe a jikinta.

"Ke kika yi?" in ji Lukumanu.

"Ni na yi."

"Wa ya koya miki?"

"Wata mai sayen zarena, daga sansani. Tun bara."

Alkasum na ta huda fata, bai ɗaga kai ba, amma ta ga basillar tana shiga wuri ɗaya sau biyu.

"To ga shi saura ƙafa guda," in ji Lukumanu. "Yi mu gani."

Ta san da haka za a zo, shi ya sa ta fito da ƙarfen. Ta zauna sosai, ta jawo bakin zare, ta naɗe a yatsa. Ta sa ƙugiya, ta jawo, zoben ya zame ya warware. Ta sake naɗawa. Wannan karon ta ja da wuri, ya ƙulle tamau. Ta sa haƙori ta kwance.

Lukumanu ya dubi dattijon, ya dubi ƙofar cikin gida.

Can arewa igwa ta tashi. Ƙasa ta zubo a kan fatu. Balki ta kasa kunne, duk jikinta ya koma bayan gida, tana jiran ƙarar ƙyauren ɗakin baya. Ba ta ji komai ba.

Ta sauke kafaɗunta. Ta tuna yadda Mariya ke danne mahaɗar zaren da babban yatsa ba ta saki sai ido na uku ya zauna. Ta naɗe, ta danne. Ɗaya. Biyu. Ƙugiya ta kama gefen zaren ta tsaga shi, ta janye a hankali ta sake. Uku. Ta ɗaga yatsa, zoben bai motsa ba. Huɗu, biyar, shida. Ta ja wutsiyar zaren, ramin ya rufe. Ta ci gaba da zagaye na biyu, na uku, tana ƙirgawa a fili don kada muryarta ta samu wurin rawa, har ƙafar ta fara fitowa kamar ɗan yatsa.

Dattijon ya matso yana kallo. Ya miƙa hannu, ta ajiye masa a ƙasa, ya ɗauka ya gwada da sauran ƙafafun. Ya ce wani abu da Tamashek, sannan da Hausa, "Hannu ɗaya ne."

"Ƙafafun, i," in ji Lukumanu. Ya ɗaga raƙumin ta wuya. "Amma dubi kan. Dubi zaren. Wannan ba kaɗin garin nan ba ne, kuma ba hannunta ba ne. A bar ni in duba ɗakunan."

Alkasum ya ajiye basilla. Balki ta ga hannunsa ya doshi wuƙar yankan fata, ta san in ya taɓa ta an gama. Ta riga shi.

"Gaskiyarka, ba hannuna ba ne. Ita ta fara kan, ta bar mini in kwaikwaya." Ta juya wajen dattijon, ta yi ƙasa da murya kamar mai ba da labarin da kowa ya sani. "Baba, shi ai ba ya kuskure zarensu. Ni a bakin ƙofar nan nake ganinsu, sau ɗaya a wata. Shi kuwa shekara uku yana shiga har madafarsu, da safe ya shiga sai la'asar. Sunan kowace ya sani, da na mijinta. Rigar da ya sa da sallar bara ma kumandan ne ya ba shi."

Dattijon bai ƙara kallon raƙumin ba. Lukumanu yake kallo.

"Itace nake kai musu," in ji Lukumanu. "Kowa ya san itace ne."

"Ni ban sani ba," in ji dattijon. "Ba ka faɗa mana ba."

Ya miƙe, ya karɓi raƙumin daga hannun Lukumanu ya miƙa wa Binta. Ya ce wa Alkasum zai aiko a ɗauki sirdin gobe. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa har sai da Lukumanu ya wuce gabansa, ya bi shi a baya.

Balki ta koma ciki. Ta shiga ɗakin baya, ta sami Mariya zaune ta cusa gefen zane a baki, ta ɗaure ƙafarta da igiyar fata a jikin turken da ake rataye ƙirgi. Ita ta ɗaure kanta tun da aka harba igwa. Balki ta kwance ta, ta miƙa mata guntuwar ƙafar. Mariya ta kai ta wajen haske, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Ci gaba," ta ce.

Bayan kwana biyu Alkasum ya dawo daga masallaci ya ce ya ga Lukumanu. An karɓe bindigar. Yana ɗaukar salkunan ruwa zuwa wurin igwa, inda harsashin sansani ke sauka, fuskarsa a kumbure, wani na biye da shi. Balki na ɗinka ƙafa ta huɗu lokacin. Ta ce, "Gaskiya na faɗa." Alkasum ya ce, "Ban ce kin yi ƙarya ba." Ba su sake tayar da zancen ba.

Kwana tamanin da wani abu aka yi. Sannan rundunar Nasara ta iso daga kudu, mayaƙan suka janye cikin duwatsu, sojoji suka bazu a gari gida gida. Abin da aka yi a Agadas cikin kwanakin nan, waɗanda suka gani ba su cika son faɗa ba. Da safiyar rana ta biyu Mariya ta ɗaure raƙumin a bakin zane, ta rungume Balki, ta fita tsakiyar hanya hannuwa a sama tana kiran sunan mijinta da harshensu. Balki na leƙe ta tsagar ƙyaure har wasu sojoji biyu suka tsaya, suka sauke bindiga, suka tafi da ita.

Duk da haka an zo an kama Alkasum da yamma, tare da maƙera da sauran dukawa, don sun yi wa mayaƙa aiki. Kwana shida ba labari. A na bakwai ya shigo da ƙafarsa, ya rame, ba rawani. Ya ce wani sarsan ne ya zo ya kira sunansa a cikin mutane, ya raka shi har bakin gari, ya ce a gaya wa Balki yaron Mariya yana nan da rai. Daga cikin waɗanda aka kama tare da shi, shi da mutum biyu suka fito.

Washegari wata tsohuwa ta yi sallama. Uwar Lukumanu ce. Ta ji Alkasum ya dawo, ta zo ta tambaya ko ya ga ɗanta a cikin waɗanda ke tsare, don ta zagaya ko'ina, waɗansu sun ce mayaƙa sun tafi da shi, waɗansu sun ce Nasara ne suka same shi wurin igwa. Alkasum ya ce bai gan shi ba. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ce ko za a taimaka mata da ruwa, tun safe take yawo.

Balki ta ɗebo a ƙwarya, ta durƙusa ta miƙa mata, ta riƙe mata ƙasan ƙwaryar. Ta sha, ta sa mata albarka, ta ce Allah ya raya Binta. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta ce bari ta gwada gidan maƙera.